Yadda Aka Ci Malam Haladu Sau Arba'in da Uku Yana Barci

Wani mutum ne a Malumfashi ana ce masa Badamasi mai fenti. Fenti kam yana sayarwa, ba a musu, amma duk wanda ya shiga shagonsa neman gwangwani ɗaya sai ya fito da labarin yaƙi uku da ciwon kai. Ba yaƙin bindiga ba. Yaƙin ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, wadda yake bugawa a waya da mutanen da bai taɓa gani ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ya saukar da wasan a wayarsa, kuma tun ranar garin bai sake hutawa ba.

Shi ya raɗa wa kansa suna Damisan Allo. Ba wanda ya roƙe shi. Da yamma in an hallara a bencin ƙofar shagon Tanimu tela, sai ya zo ya zauna a tsakiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya fara bayanin salonsa kamar ana ɗaukarsa a rediyo.

"Ni ba na tsaro," in ji shi. "Tsaro aikin matsorata ne. Da an buɗe allo sarauniyata ta fita, kamar an gayyace ta biki. Dokina kuwa in ya yi tsalle ɗaya, ɓat, Baturen Rasha sai ya kira matarsa ya bar wasiyya."

"Jiya ba ɗan Indiya ka ce ba?" in ji Tanimu, allura a baki.

"Wancan da safe ne. Ya gudu. Har yanzu ana nemansa."

A yi masa adalci, don ba kyau a tauye wa mutum makinsa. Badamasi yana da ƙarfi a wuri uku. Na farko yatsa. Babban yatsansa na gudu a kan gilashin waya kamar ƙadangare a kan kwano, sai ya yi taku goma kafin ƙwaƙwalwarsa ta ɗaura takalmi. Na biyu, ya haddace tarko guda ɗaya tak, mai taku huɗu, wanda ke kama duk wanda ya fara koyon wasan jiya da la'asar. Na uku kuma, wanda ya fi sauran, shi ne sanin lokacin da sabis zai ɗauke. Da zarar an matse sarkinsa a lungu, sai sabis ya ɗauke ɗif. A wayarsa kaɗai. Tanimu na gefensa yana kallon bidiyo lafiya lau.

Da abin ya tsaya kan Rasha da Indiya, da ba wanda zai damu, tunda su can ba su san ana yi ba. Matsalar ta fara ne ranar da ya taɓo Malam Haladu.

Malam Haladu tsohon malamin lissafi ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da alli kafin ya yi ritaya, kuma har yau da jan biro yake yawo a aljihun gaba, ko masallaci zai je. Mutum ne da in ka ce masa za ka zo wajen ƙarfe huɗu, sai ya tambaye ka wajen gaba ko wajen baya. Shi ya kafa ƙungiyar ces a makarantar 'yan mata ta al'umma da ke bayan tasha, shekara goma sha tara da suka wuce, da alluna shida da ya sa kafinta ya sassaƙa masa. Ya yi ritaya daga aji, amma bai yi ritaya daga ƙungiyar ba. Duk ranar Alhamis yana can, makullin kabad ɗin alluna na rataye a wuyansa da zaren baƙi. A bana ma ɗalibansa sun samu gurbi a gasar jiha, saura mako uku a tafi Katsina.

Wata yamma Malam ya biyo ta gaban shagon Tanimu zai je kantin magani. Ya yi sallama. Aka amsa, amma da wata irin murya, irin wadda ake gaida mai jinya.

"Sannu, Malam," in ji Tanimu. "Allah ya ƙara haƙuri."

Malam ya tsaya. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Wai dai batun wasan nan."

"Wane wasa?"

Tanimu ya dubi Badamasi. Sai ga Badamasi ya miƙe, ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa, don shi ma ta hannun Malam ya bi a aji uku, lokacin Malam na koyarwa a makarantar maza. "Ranka ya daɗe, ni ban so maganar ta fita ba. Su suka matsa." Ya juyo da fuskar wayarsa. A ciki ga suna ɓaro-ɓaro, Malam Haladu Lissafi. Ga hoton Malam da babbar riga, wanda aka buga a kalandar bikin ritayarsa. A ƙasa kuma ga jerin wasanni, Damisan Allo ya ci, Damisan Allo ya ci, Damisan Allo ya ci, har ƙarshen fuskar wayar.

"Sau arba'in da uku," in ji Badamasi cikin ladabi. "Amma wallahi kana ƙoƙari, Malam. A shekarunka."

Malam ya ciro tabarau ya saka. Ya duba. Ya cire, ya goge, ya sake sakawa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zubo.

"Da wannan nake wasan?"

"Haba Malam," in ji Badamasi, yana murmushi yana kallon jama'a. "Babbar fa? Wadda ɗanka ya aiko daga Abuja? Ai ba abin kunya ba ne."

"Yaushe muke wasan?"

"Bayan azahar. Tsakanin biyu da huɗu."

Nan fa aka kalli juna. Duk Malumfashi an san tsakanin biyu da huɗu ba a ganin Malam Haladu. Yakan rufe ƙofa ya ce ƙailula yake, ko gobara ake yi sai ta jira la'asar. Shekara talatin ana girmama wannan barcin. Yanzu a zama ɗaya ya koma shaida a kansa.

"Ashe," in ji wani daga ƙarshen benci.

Wannan ashe ɗin ta bi Malam har gida, ta hana shi cin tuwo. Ya gaya wa matarsa Kulu abin da ya faru, yana jiran ta tashi ta ɗaura ɗamara. Sai ta ajiye ludayi ta dube shi.

"To Malam, in akwai wayar ka faɗa min. Ni ba zan gaya wa kowa ba. Dama tawa ta fara ciwo."

"Kulu, shekara nawa kina jin minsharina tsakanin biyu da huɗu?"

"Ina ji kam. Amma yanzu an ce har minshari ana ɗauka a waya a kunna."

Malam ya dai rufe kwanon.

Kwana biyar bayan haka takarda ta iso daga kwamitin iyaye da malamai na makarantar. An gode masa bisa doguwar hidima. An yi masa addu'ar lafiya. An ce tunda gasa ta matso, kuma Allah ya kawo wa garin matashin gwani wanda duniya ta shaida, kwamiti ya ga dacewar Malam Badamasi ya karɓi horar da yaran ya kai su Katsina. A ƙarshe ana roƙon Malam ya miƙa makullin kabad. Mai sa hannu Alhaji Sambo mai taki, shugaban kwamiti, mutumin da bai san bambancin ces da ludo ba, sai dai ya san ɗaya ba a jefa ƙwaya.

Malam ya karanta sau biyu. Ya ja layi da jan biro ƙarƙashin "Malam Badamasi". Sannan ya cire makullin daga wuyansa, ya sa a ambulan, ya aika, don shi ba ya riƙe kayan hukuma da ƙarfi. Amma ya haɗa da takardar koke mai shafi huɗu, kowane sakin layi da lambarsa.

A ciki ya ce, na ɗaya, bai taɓa wasa da Badamasi Lawal ba, a waya ko a allo ko a mafarki. Na biyu, ya duba uku daga cikin wasannin da aka jingina masa a wayar Tanimu, ya ga an sa shi ya ba da sarauniyarsa a taku na biyar ba dalili, abin da ko akuya aka ɗora a kujera ba za ta yi ba, don haka cin mutuncin ya zama biyu, an yi masa ƙarya kuma an yi masa ita da mugun wasa. Na uku, shi wannan Badamasi, a jarrabawar zango na biyu a aji uku, maki goma sha ɗaya ya ci cikin ɗari, kuma biyu daga ciki na rubuta suna ne daidai. Na huɗu, yara goma sha biyu sun yi wata tara suna koyon yadda ake tsare sarki, ba zai zuba ido a miƙa su ga mai cewa tsaro aikin matsorata ne ba. Abin da yake nema uku ne. A zauna a saurare shi gaban wanda ya yi masa ƙazafi. A janye maganar da baki a bencin Tanimu, inda aka fara ta. A mayar masa da makullinsa.

Shi kuwa Badamasi tuni ya ba Tanimu ɗinkin riga mai rubutu a baya, Koci Damisa. Ya riga ya gaya wa direban motar makaranta cewa shi ne a kujerar gaba. Ya je wurin yaran sau ɗaya, ya yi musu lacca ta awa guda kan jarumta, kabad kuwa bai buɗe ba. Ya ce alluna sai an gama gina zuciya.

Shugabar makarantar, Hajiya Lantana, ta taɓa koyarwa tare da Malam, ta san in ya fara sa wa sakin layi lamba to ba ya tsayawa sai ya kai ga gwamna. Ta sa zama ranar Alhamis ƙarfe goma na safe a ofishin malamai.

Malam ya iso goma saura kwata. Alhaji Sambo ya iso goma da rabi. Tanimu ya rufe shago ya biyo, wai ya kawo wa Koci rigarsa ne. Badamasi ya shigo ƙarshe, da kaftani fari ƙal, makullin Malam na lilo a wuyansa, yana ɗaga wa malamai hannu kamar ɗan takara.

"Ni fa ban ga abin tashin hankali ba," in ji Alhaji Sambo bayan an buɗe da addu'a. "Malam ubanmu ne. Amma an ci shi sau arba'in."

"Da uku," in ji Malam. "In za a yi min ƙarya a yi ta daidai."

"To ka ji ma."

"Hajiya," in ji Malam, "ina roƙon a buɗe kabad a kawo allo ɗaya. Tunda ya saba ci na, ya ƙara na arba'in da huɗu a gabanku, in tashi in tafi gida."

Badamasi ya yi dariya. "Malam, ina jin nauyinka. A gaban mutane?"

"Ka ji nauyina a bencin Tanimu?"

Hajiya Lantana ta miƙa hannu. Badamasi ya ciro makullin a hankali ya ba ta. Aka kawo allo, aka kawo jakar 'ya'yan wasa, Malam ya zazzage su a kan tebur, kwarkwar. Sannan ya harɗe hannu ya jingina da kujera.

"Bismillah. Koci ne ke jera wa yara allo. Jera."

To a nan ne gizagizai suka fara haɗuwa. A waya, da ka latsa, allo yakan fito a jere, kowa a gidansa, ba ruwanka. Shekara ɗaya da rabi Badamasi na wasa, bai taɓa tambayar kansa wa ke zaune kusa da wa ba. Ya ɗauki doki ya jujjuya shi kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Katako mai kyau," in ji shi.

"Maɗaci ne. Jera."

Ya sa dawaki a kusurwa. Ya ɗauke. Ya mayar. Ya sa sarki da sarauniya a tsakiya, sai ya ga kamar sun yi kusa da yawa, ya raba su da soja ɗaya. Sauran sojojin ya jera su a layin baya, manya a gaba.

"Sojojin me suke yi a baya?" in ji Hajiya Lantana.

"Salona ke nan, Hajiya. Manya su fara shiga, yara su koya."

"Ni ma haka nake so a gona," in ji Alhaji Sambo, yana gyaɗa kai.

Malam ya miƙa hannu ya juya allon, don ko shi a karkace aka ajiye. Ya jera fari, ya jera baƙi, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya tura wa Badamasi fararen.

"Kai za ka fara."

Badamasi ya tura soja. Malam ya tura soja. Badamasi ya fito da sarauniya, kamar yadda aka gayyace ta biki. Malam ya fito da doki. Daga nan tarkon mai taku huɗu ya ƙare, don Malam ya riga ya rufe ƙofar tun kafin a ƙwanƙwasa. Badamasi ya ɗora yatsa a kan dokinsa ya danna. Ya jira. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ya sunkuya yana leƙen allon.

"Me kake nema?" in ji Malam.

"Ɗigogin."

"Waɗanne ɗigogi?"

"Waɗanda ke fitowa su nuna inda zai je."

Tanimu ya cusa rigar Koci a baki. Wata malama da ke gyaran takardu a lungu ta tashi ta fita da sauri, ana jin ta a baranda.

"Wannan allon kafinta ne ya yi shi," in ji Malam. "Ɗigogin a kai ake zuwa da su daga gida."

Badamasi ya janye kujera baya. Ya share goshi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, amma katako ba shi da sabis balle ya ɗauke. Sai ya miƙe tsaye.

"Alhaji, ka gani ko? Wannan ai makirci ne. An kawo min kayan zamanin da. Direban jirgin sama ne aka ba shi jaki, in ya kasa sai a ce bai iya tuƙi ba? Ni ɗan waya ne. A waya na ci Malam, a waya za a yi magana."

"Wannan kuma gaskiya ne," in ji Alhaji Sambo. "Ni ma jaki ya taɓa kayar da ni."

"Kawo wayar mu gani," in ji Hajiya Lantana.

Ya buɗe ya miƙa mata da hannu biyu, ƙarfinsa ya dawo. Ta ja jerin wasannin da yatsa, ta ga sunan Malam, ta ga hoton kalanda.

"Ga wani wuri nan an ce a sake gayyatarsa wasa. In na latsa, wayarsa za ta yi ƙara ko?"

"Za ta yi," in ji Badamasi. "Amma ai ya baro ta a gida. Ƙarƙashin katifa."

Malam ya ciro 'yar wayarsa mai roba ya ajiye a tsakiyar allo, tsakanin sarki da sarki. "Latsa, Hajiya. In a nan take, za mu ji. In ƙarƙashin katifata take, Kulu na gida, za ta ji, kuma duk kun san Kulu ba ta rufa min asiri. Kafin a yi azahar labari ya kai kasuwa."

"A'a, ba sai an..." in ji Badamasi.

Hajiya ta latsa.

Ɗilin.

Ƙarar ba daga tebur ta fito ba. Kowa ya dubi 'yar wayar Malam, tana nan kwance shiru kamar gawa. Badamasi ya fara tari, tari mai ƙarfi, har yana dukan ƙirji.

"Ƙurar alli ce," in ji shi.

"Mun daina amfani da alli shekara uku ke nan," in ji Hajiya. Ta sake latsawa.

Ɗilin.

Wannan karon har da haske. Aljihun gefe na kaftanin Badamasi ya yi shuɗi, kuma kaftanin fari ne ƙal, yadin mara kauri, don Tanimu ya gaya masa tun ranar ɗinki cewa ya sa shafi a ciki ya ƙi.

"Cikina ne," in ji Badamasi. "Tun jiya yake wannan kukan."

"Cikin naka har da fitila?" in ji Tanimu.

Malam Haladu ya miƙe a hankali. Ya gyara tabarau. Ya zagayo teburin ya tsaya gaban tsohon ɗalibinsa, ya buɗe tafin hannu, irin buɗewar da ya yi shekara talatin da huɗu yana karɓar takardar satar amsa.

"Badamasi Lawal."

"Na'am, Malam." Bakinsa ne ya amsa da kansa, kamar ana kiran rajista.

"Fito da ni daga aljihunka. Zafi nake ji."

Badamasi ya duba ƙofa. Tanimu na tsaye a ciki. Ya duba taga, akwai ƙarfe. Ya sa hannu a aljihu ya zaro waya ta biyu, irin ta farko sak, launi ɗaya, girma ɗaya. A fuskarta ga Malam Haladu da babbar riga yana murmushin ritaya, a ƙasa an rubuta cewa Damisan Allo na gayyatarsa wasa.

Alhaji Sambo ya karɓa ya duba, ya dubi Malam, ya sake duban wayar. "To wai wa ke buga na Malam ɗin?"

"Hannunsa na hagu," in ji Hajiya Lantana.

"Au. Shi da kansa yake..."

"Shi da kansa. Tsakanin biyu da huɗu, lokacin da ba ciniki."

"Ranka ya daɗe, atisaye ne," in ji Badamasi. Muryar ta koma ta ɗan aji uku. "Duk manyan 'yan wasa suna yi. Sunanka na sa don albarka."

"Albarka," in ji Malam. "Ka ba da sarauniyata a taku na biyar don albarka."

Alhaji Sambo ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta ba, abin da ba wanda ya tuna ya ji daga bakinsa. Ya ɗauki makullin daga gaban Hajiya ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Malam ya karɓa, ya duba zaren ko an canza, ya rataya a wuya. Ya ce saura janye magana a bencin Tanimu, yau bayan la'asar, a tsaye, da murya irin wadda aka yi ƙaryar da ita. Tanimu ya ce zai ƙaro benci.

Da a nan aka tashi, da Badamasi ya tsira da ɗan abin da zai rufe fuska. Amma Malam mutum ne da ba ya mayar da takarda sai ya duba ta har shafin ƙarshe. Ya ce Hajiya ta ja masa jerin har ƙasa, yana so ya ƙirga da idonsa. Ta ja. Yana bi da bakin jan biro. Can sai biron ya tsaya.

"Dakata. Nan an rubuta wasa arba'in da shida ne."

Badamasi ya dubi silin.

"Arba'in da uku ka ci. Arba'in da shida a cire arba'in da uku, nawa ya rage? Na san lissafi ba fanninka ba ne, yi a hankali."

"Uku, Malam."

"Madalla, an samu ci gaba. Ukun nan fa?"

Hajiya ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Malam Haladu Lissafi ya ci. Malam Haladu Lissafi ya ci. Malam Haladu Lissafi ya ci.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Sambo. "Kai ne nan, kai ne can, kuma aka ci ka?"

"Biyu daga ciki wayoyin ne suka rikice min," in ji Badamasi, kansa a ƙasa. "Kala ɗaya ne. Sai na gama cin wasan na ga ashe ba ni ba ne."

"Na ukun fa?"

Badamasi ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na ukun fa, Badamasi?"

"Tarkon nan ne mai taku huɗu, Malam. Ban gan shi ba."

"Wa ya kafa maka?"

Badamasi ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi, kamar yau suka fara haɗuwa.

Tanimu ya zame jikin ƙofa ya zauna a ƙasa. Hajiya Lantana ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Malam Haladu kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya rufe jan bironsa, ƙwas, ya mayar aljihu, ya fara tattara 'ya'yan wasan cikin jaka, don ƙarfe huɗu yara na jiransa.

"In ka je bencin," in ji shi, "ka faɗi lissafin daidai. Sau uku na ci ka ina barci. Ka gode wa Allah da ban farka ba."